Sunan Kaka a Littafin Filaye

Sau uku ke nan ina hawa matakalar nan,
ofishin filaye na Gadarif,
koren fayil a hammata,
baƙar laka a dugadugan takalmi.

Ma'aikacin bai ɗago kai ba.
Ya ce, "Gidan naku wane iri ne?
Mallaka ce ta har abada,
ko hikir, hayar gwamnati mai wa'adi,
ko kuwa hiyaza, zama ne kawai ya daɗe?"

Na ce, gida ne.
Akwai aduwa a tsakiyarsa,
a gindinta aka binne cibiyata.

Ya ce aduwa ba ta da lamba.

Kakana, Tsalha ɗan Ɓaidu,
da ƙafa ya taso daga Haɗeja, niyyarsa Makka.
A nan guzuri ya ƙare.
Ya ce bari ya yanki riɗi na kaka ɗaya
ya haɗa kuɗin jirgin ruwa.
Kaka ɗaya ta haifi arba'in.
Ya kafa bukka, bukka ta zama ɗaki,
ɗaki ya zama mu.

Ranar Talata aka zaƙulo littafin,
gara ta riga ta karya kumallo da gefensa.
Fili na ɗari biyu da sha bakwai:
Salih Ubaid.
Magatakardan da ya rubuta shi
alƙalaminsa ba shi da tsa, ba shi da ɓa,
sai ya ba tsoho sunan da ke hannunsa,
kamar a ara wa baƙo riga.
Tsoho ya dangwala yatsa, ya koma gona.

A bakin ƙofa, wurin mai shayi,
dillali Awadalla yana kaɗa cokali.
Ya ce, "Ɗan'uwa, Salih Ubaid uku ne a garin nan,
jikokin ɗaya har sun ɗauki lauya.
Sayar mini haka nan, rabin kuɗi,
takarda kuma aikina ce."
Na sha shayinsa. Na biya da kaina.

Aka ce in kawo mai shaida
wanda ya ga ginin da idonsa.
Malam Jatau ya rasu bara da damina.
Saura Inna Kuluwa,
ita kuma idon ne ya riga ta tafiya.

Na ɗauko ta a raksha,
tana zagin kowane rami da sunansa.
A gaban tebur ta ce,
"Ni na ɗebo ruwan da aka kwaɓa katangar yamma.
Tulu goma sha ɗaya,
ladana dabino biyar,
har yau ina bin sa bashin biyu."

"Sunan mai gidan?"

"Tsalha!"
Tsa ɗin ta fashe kamar an fasa gyaɗa.
Ma'aikacin ya gwada: Salha. Talha.
Ta ce, "Yaro, harshenka bai yi tafiya ba."
Ya yi dariya, karo na farko,
ya jawo takarda, ya rubuta a hankali:
Salih Ubaid, wanda aka fi sani da...
ya tsaya,
ya miƙo mini alƙalamin.

Na daɗe ina kallon farin wurin.
Na sa harafin da malaminmu na allo yake sawa,
mai ɗigo uku a kai.
Ya ce injin ba zai gane shi ba.
Na ce bar shi, zai koya.

Shahadar ba ta fito ba tukuna.
An ce in dawo Lahadi
da kan sarki biyu da hoton mamaci,
shi da bai taɓa tsayawa gaban mai hoto ba.

Yanzu dai magariba ta yi.
Inna Kuluwa na zaune a gindin aduwar
tana tsotsar 'ya'yanta,
ta ce in rubuta ta rage bashi ɗaya.