Zobe a Faranti

Bagaruwar nan daga Mai-Wurno ta zo,
ƙulle a bakin mayafin Inna Tasalla.
Ta ce, mu dai jima muke yi da ita,
ke me za ki jeme a Madani?

Na dafa. Na tace.
Na ɗiga a ruwan gishirin azurfa, garau kamar hawaye,
na zauna gadin kwalba
zaman mai duban wata.

Kafin la'asar ruwan ya juya,
ya ɗauki launin shayin Ustaz Bashari
wanda ba ya shiri da madara.
Azurfa ta ƙanƙance ke nan, in ji littafi,
har ƙwayar gero tsauni ce a gabanta.
Ni ban gani ba. Na'urar da ke gani tana wata ƙasa,
sai mun aika, sai mun jira.

Ga abin da idona ya gani:
farantin da na shuka da dattin dasashi,
ƙwayoyin cuta sun yi yabanya ko'ina
ban da inda na ɗiga.
Nan zobe ne, wayam,
milimita sha huɗu. Sau uku na auna.

Da dare na kira Inna.
Turmin haƙorinta na hagu ya raba ta da kisra tun Rajab.
Ta ce, to, aiko maganin.
Na ce, da saura, Inna. Shekaru.
Ta yi jim, ta ce,
bari in laluba kanumfari.