Matar Bakin Taga

Ranar Talata tikiti ya fi araha,
sai na tura keken Kaka Edna
cikin yayyafin South Shields
zuwa silima. Fim ɗin yaƙi ne, na iyali,
irin wanda ake fita daga cikinsa da jan ido.

Fitila ta mutu.
Ga gida, ga tebur, ga butar shayi.
Uba ya ɗaure jaka, ɗa ya sa kaki,
uwa ta tsaya a bakin taga.
Bam ya faɗi, tana bakin taga.
Sanyi ya zo ya wuce, tana bakin taga,
ko jan-bakinta bai goge ba.

Kaka ta zungure ni da gwiwar hannu:
"Wannan ba ta da aikin yi ne?"
Wani daga baya ya ja tsaki.

Ita a shekarun nan, tana 'yar sha tara,
tsani mai taki tamanin take hawa tun da duhu,
ta shige kejin ƙugiya, can sama da kogin Tyne,
ta ɗaga ƙarfen da ya fi gidansu nauyi
ta ajiye shi a haƙarƙarin jirgi
kamar mai ajiye ƙwai.
Har yau yatsanta na tsakiya a karkace yake.

A majigi wasiƙa ta iso.
Uwa ta zube ƙasa, goge ya ɗauki kuka.
Kaka ba ta ko rage murya ba:
"Tawa a wurin aiki ta same ni.
Na karanta, na ninke, na cusa a safa.
Sai da na sauke ƙarfen da ke rataye tukuna,
akwai mutum shida a ƙarƙashinsa."

Wasiƙar Thabit ce, kakana,
mutumin Aden, mai zuba kwal a cikin jirgi,
can ƙasan ƙasa inda babu taga ko ɗaya.
Teku ta ci shi da shebur a hannu,
ya bar mata jaririya da bashin haya.
Takardar na nan cikin gwangwanin biskit,
sun ma kuskure harafi biyu a sunansa.

Na ƙare wa layin da suka gina kallo.
Jan bulo daidai, igiyar shanya daidai,
har tsagar jikin kofi sun yi wa bincike.
Amma babu ƙofar da ƙamshin hulba ke fitowa,
babu yarinya mai suna biyu,
ɗaya na makaranta, ɗaya na gida,
babu Cyril mai ƙafa ɗaya
da ke busa usur in jirage sun taso.
Sun yi rufi mai kyau,
sai dai mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Sau ɗaya, wajen minti na saba'in,
wani baƙi ya gifta ɗauke da akwatin wani,
bai ce uffan ba.
Kaka ta ɗaga masa hannu.

Da aka kunna fitila ta ƙi tashi.
Sai na karanta mata sunayen da ke hawa,
ɗaya bayan ɗaya, har mai dafa wa ma'aikata abinci,
mai shara na tsaye da tsintsiya yana jiranmu.

A waje ruwa ya ɗauke.
Ta ce in bi da ita ta bakin kogi,
inda ƙugiyar take a da,
yanzu benaye ne masu gilashi, da wurin ajiye mota.
Ta daɗe tana kallon sama, daidai wani wuri
da ni ban ga komai ba sai tsuntsayen teku.

Na ce, "To, ya kika ga fim?"
Ta gyara bargo a gwiwa.
"Shayin dai sun dafa shi daidai.
Matar ce ta ba ni tausayi.
Awa biyu cur,
ba wanda ya ce ta sa takalmi ta fito."