Kafin Litinin

Likita ya leƙa takarda, ya ɗago ya dube ni,
Ya ce, "Baba, sukari ya yi gida a jini.
Daga Litinin ba zaƙi, sai ganye da magani."
Na ce, "To, yau Asabar ce, ɗana, ƙyale ni."

Na ce wa jikata Barkisu, "Ajiye wayar nan taku,
Kumasin da kuke ci a hoto, ke da 'yan ajinku,
Yau ni za ki kai, in ɗanɗana zamaninku."
Ta ce, "Kaka, da wane haƙori?"
Na ce, "Da ragowar uku."

Mun fara daga Aboabo, gun Mma Lariba mai koko,
Ƙamshin kanumfari da citta ya tarbe mu tun daga loko.
Na ce a ƙara sukari, a cika mini ƙoƙo.
Ta ce, "Alhaji, lafiya?" Na ce, "Wannan ne farko."

Torotoro ta juye mu Kejetiya, kasuwa ta cika ta batse,
Wake da shinkafa a ganye, da ƙwai, da gari a yamutse.
Shito ya kama harshena har sai da na rantse
Ba zan ƙara ba. Na ƙara. Cokali ya nutse.

A Bantama akwai rumfar da na sani da ido, ba da baki ba,
Shekara talatin ina wuce ta da tirela, ban taka burki ba.
Mame Serwa ta ajiye taɓarya, ta ce, "Zauna abinka,
Ci, Kramo, mahaucin Zangonku ne ya yanka."
Sakwara ba ta tambayar haƙori, haɗiya ce aikinka,
Romon akuya ya bi ta, zufa ta wanke fuskarka.

Sai Ahodwo. Ƙofar gilashi, sanyi kamar ɗakin ajiye gawa,
Yara sun jeru da kofuna, kowa na ɗaukar hoton kowa.
Wai shayi ne, da ƙanƙara, da tsinke mai kaurin kara,
A ƙasa wasu baƙaƙen ƙwallaye kamar idon fara.
Na zuƙa, ɗaya ta harbo, ta tsaya mini a maƙoshi,
Barkisu na dariya har tana neman numfashi.
Na ce, "Da me aka yi su?" Ta ce, "Da rogo."
Rogo!
Wanda muka ci gaya a shekarar yunwa, ba mai, ba bargo,
Shi ne ya sa kwat, yake karɓar sidi sittin a shago?
Na shanye duk da haka. Tsohon aboki ne, ba a yi masa rowar gaisuwa.

Magariba ta same mu da kelewele a takarda,
Da burkina mai sanyi, gero na iyo a madara.
Cikina ya ce ya isa. Ƙafata ba ta yarda ba,
Ta ja ni Asawase, teburin Mumuni, ƙarƙashin fitila,
Inda nake zuwa da asuba tun rasuwar Azumi,
Ita da ta san cokali uku nake so, ban taɓa faɗa da baki ba.

Mumuni ya ɗaga kofi sama, shayi ya zubo kamar igiya,
Ya kai hannu ga gwangwani. Na ce, "Dakata, bari in koya."
Na kurɓa. Ɗaci ne zalla, ba ado, ba ƙarya,
Ganyen da na sha shekara sittin, yau muka fara gaisawa.

Barkisu ta kife wayarta a kan benci,
Ta ture nata sukarin, ta ce, "Ni ma ba ni mai ɗaci."
Ta kurɓa, ta yatsine, ta haɗiye da ƙarfin zuci.
Na ce, "Ya kika ji?"
Ta ce, "Kaka, gobe fa Lahadi ce.
Akwai mai masa a Tafo da ba mu je ba."