Tsawa ta Tafin Ƙafa

Shekara talatin da ɗaya Baba Nomau ya yi
tsaye kan injin niƙa a kasuwar Mafara.
Gero ya shiga, gari ya fito.
Kunnensa ya shiga, bai fito ba.

Da na samu sarari na sayi talabijin
mai faɗin ƙyauren shago,
da 'yan sifiku biyar
masu kuka kamar sauro a gwangwani.
Ya zauna ya duba, ya duba, ya ce:
"Waɗanga mutane tarwaɗar Bakalori ne?
Baki na motsi, ba magana."

Maganar ta kwana da ni.
Ranar Laraba na ɗaure kuɗin albasa a aljihun ciki,
na hau mota sai Gusau, shagon Hakilu,
mai fensir a bayan kunne da ƙunar dalma a yatsa.
Ya ce, "Laifin ba na sifika kaɗai ba ne.
Amfilifayarka jaki ce,
ka ɗora mata kayan raƙumi."
Ya ba ni wata mai nauyin dutsen niƙa,
da dogaye biyu, dama da hagu,
da 'yar gajera ta tsakiya, ita ke riƙe da magana,
da wufa, baƙin akwati mai tumbi,
da waya mai kaurin igiyar guga.
"Ja ga ja, baƙi ga baƙi.
In ka sāɓa ɗaya za su yi ta ja-in-ja,
ƙarar ta zama ƙwarya marar gindi."

Na sāɓa ɗaya.
Sai bayan la'asar na gano ta.

Na huda bango wuri shida.
Tumba ta leƙo da tsintsiya a hannu,
ta dubi garin siminti a kan sabon ledar ɗaki,
ba ta ce komai ba,
abin da ya fi faɗa ciwo ke nan.
Wuta ta ɗauke. Batirin sola ya hau tsuwa
har sai da muka kashe firji,
ƙanƙarar zoɓonta ta narke don kunnen surukinta.

Bayan isha'i na sa fim mai ruwan sama.
Yayyafi ya zubo ta bayan ƙeyarmu,
yara suka waiga suna neman inda rufi ke yoyo.
Cokali ya yi rawa a faranti.
Tsaka ta saki bango.
Na dubi Baba.

Yana jan carbi, yana kallon tarwaɗa.

Na ƙara murya. Talatin. Arba'in.
Malam Ɗan'ige ya buga katanga daga gidansa.
Baba dai shiru.
Na tuna buhu nawa na albasa na zuba a rijiyar nan,
na kai hannu zan kashe.

Daidai nan ya tuɓe takalmi ya miƙe ƙafa,
irin miƙewar tsoho da gwiwa ta dama,
tafin ya taɓa baƙin akwati.
Aka yi tsawa.

Ya ɗaga kai ya dubi gabas.
"Hadari! Ku kwashe shanya!"
A watan da ko gajimare ba ya biyowa ta garinmu.
Yara suka kwashe da dariya, shi ma ya bi su,
ya sauko daga kujera ya durƙusa,
ya ɗora hannu a kan wufa
yadda yake ɗora wa injinsa da asuba
ya ji ko bel ya saki.
Ya lumshe ido. Ya daɗe.

"Wanga inji lafiya lau yake," in ji shi.
"Amma akwai ƙusa guda da ta kwance,
ta ƙasa, wajen hagu."

Na haska fitilar waya.
Tana nan kuwa, tana karkarwa a raminta.
Ya miƙo hannu bai ko dube ni ba,
na sa masa sukundireba.