Kwat Ɗin Ruwa a Valparaiso

Babana ke juya majigi a silimar kan tudu,
ni kuwa, 'yar shekara tara, ina rakuɓe gefen ƙafarsa,
ina kallon haske ya keta hayaƙin taba
ya je ya zama mutum a kan farin ƙyalle.

Mutumin kullum cikin kwat ɗin ruwa yake,
biro a bayan kunne, ido irin na shaho.
Tarho ya yi ƙara da tsakar dare,
wata murya ta raɗa masa asirin manya,
kafin asuba injin jarida na ruri,
azzalumi ya fito da ankwa, kai a sunkuye.
Minti casa'in, gaskiya ta yi halinta.

Ranar da na kama aiki, kwat na fara saye.
Edita Eleuterio ya dube ni ta saman tabarau:
"Ximena, yau babu hadari. Rataye shi.
Ga kwangilar tashar jiragen ruwa, kwali goma sha ɗaya."

Wata bakwai ina ɗakin ajiya na ƙarƙashin ƙasa,
inda danshin teku ya lashe rabin tawada.
Ba kiɗa, sai tarin tsohuwa mai tsaron kundaye
da shayin da ke hucewa kafin in tuna da shi.
Mai alkawarin magana ya kashe waya.
Wanda ya yi magana ya ce kar in rubuta.
Lauya ya yanke layi tara da jan biro.

Labarin ya fito a shafi na shida,
ƙarƙashin tallar katifa.
Ɗan kwangilar ko kallon sukuwa bai fasa ba.
Washegari a bakin gaɓa
na ga an naɗe kifi biyu da sunana.
Ashe kallon kitse na yi wa rogo.

Sai ran Laraba wata mata ta hawo matakala tana haki,
matar leburan da igiyar ƙugiya ta tsinke a kansa.
Ta shimfiɗa shafin, ta danna yatsa:
"Nibaldo. Ke kaɗai kika rubuta shi daidai."
Ba ta zauna ba. Motar unguwarsu na jira.

Bana wani yaro ya zo neman aiki,
rana na dukan kwano, shi da kwat har gwiwa.
Ban ce ya rataye ba.
Ƙasan da sanyi, zai buƙace shi.
Na miƙa masa makulli
da kwali na farko.