Rariyar Torunn

A Bergen ruwa ba ya neman izini.
Tun Litinin yake zuba, yau Alhamis.
Torunn ta dawo daga ofishin tashar jiragen ruwa,
ta rataye rigar ruwa a bayan ƙofa tana ɗiga,
ta kunna kwamfuta, shayi na hucewa a gefe.

Fayil ɗaya ne, shekara tara tana ciyar da shi.
Layi dubu huɗu da ɗoriya,
baƙin allo, farin rubutu, ba ado.
Duk abin da bakinta ya taɓa cewa "zan yi" yana ciki,
wasu an buga musu hatimin gamawa,
wasu sun yi lamo, ba rai ba mutuwa.

Ta ce yau sai ta saƙa rariya.

Sharaɗin farko: nuno min duk aikin da ya haifi 'ya'ya
amma babu ɗa ko ɗaya mai alamar "na gaba".
Ta danna.
Ɗari da goma sha bakwai suka zubo.
Idon rariya ya yi faɗi,
tsaki da gari duk sun wuce tare.

Ta ƙara layi: cire masu alamar "wata rana".
Koyon harshen Fotugal ya fice,
kiwon zuma ya bi bayansa ba sallama.
Ta ƙara: cire na ofis, gobe ma rana ce.
Sai manhaja ta cije, ta yi ja wur.
Baka ɗaya ta buɗe ba ta rufe ba.
Minti ashirin tana farautarsa layi-layi,
ashe yana nan a gaban hancinta.

Saura tara.
Ta matse: wanda hannu bai taɓa ba kwana casa'in.
Saura uku.

Na ɗaya, fentin ɗakin baƙi.
Gwangwanin na ƙarƙashin bene, murfinsa ya yi tsatsa.
Ta rubuta: sayo burushi, Asabar.
Ya sulale daga jerin kamar kifi daga tafin hannu.

Na biyu ya sa ta ƙware da shayi:
"gyara rariyar ayyuka", rubutun shekara biyu da suka wuce.
Tarko ya kama mai ɗana shi.
Ta buga masa hatimi tana tari tana dariya.

Na uku:
kwale-kwalen Baba.

Kankare tsohon fenti, an gama.
Auna katakon gefen hagu, an gama.
Tambayi Baba wane ƙaro yake shafa wa gindi, jira.
Kwanan watan na nan bai goge ba,
Fabrairu, mako bakwai kafin a kai shi makwanci.

Rariya ba ta yi kuskure ba.
Abin da aka ce ta tace, shi ta tace,
ba wanda ya koya mata ta'aziyya.
Sharaɗi ɗaya kacal, kalma huɗu,
cire duk mai alamar "jira",
allo zai yi fes, ta kwanta da wuri.
Ta rubuta rabinsa.
Ɗan sandan rubutu na ƙifta mata ido, yana ƙiftawa.
Ta goge.

Akwai Eilif a tsallaken gada, can Askøy,
ƙanen da rabon su da doguwar magana
tun ranar da suka raba kofuna da agogon bango.
Shi ne mai riƙe wa Baba gwangwani yana yaro,
har yau ya ce warin bai bar hancinsa ba.

Ta sauko layi ɗaya, ta rubuta a hankali:
na gaba, kira Eilif, tambaye shi ƙaron.

Ta sake danna rariya.
Wayam, ko ƙwaya.
Amma kwale-kwalen na nan a kife a rumfa,
ruwa na dukan tamfol ɗinsa.

Sha ɗaya saura kwata.
Wayar na aljihun rigar ruwa.
Ta miƙe,
ta taka ɗan tafkin da rigar ta tara a ƙasa,
sanyi ya ratsa safarta,
ba ta tsaya cirewa ba.