Tambayar Uwani

Ranar Laraba ina zana kowala a allo,
alli yana karyewa a hannuna,
Uwani ta ɗaga yatsa daga bencin baya:
"Malam, aljihun cikinta, sama yake kallo ko ƙasa?"
Na ce sama.
Na faɗa da ƙarfi, irin ƙarfin wanda bai sani ba.

Da dare waya ta ba ni amsa bakwai.
Wannan ya ce dangin beyar ce,
wancan ya ce ganye ke bugar da ita, shi ya sa barci.
Kowa "an ce".
Wa ya ce? Shiru.
Kakata ko daddawa ba ta saya
sai ta san hannun da ya dafa kalwar.

Asabar na shiga bas a Tudun Wada,
muka tsaya cak a Kwangila, muka isa Samaru da hantsi.
Malam Barau na ɗakin karatu ya dube ni ta saman tabarau,
ya tafi, ya daɗe,
ya dawo da littafi mai ɓallallen bango.
Wanda ya are shi na ƙarshe, ba a haife ni ba.

A ciki akwai mutumin da ya gani,
ya auna, ya zana ƙashi bayan ƙashi,
ya sa sunansa da shekara,
ya jera waɗanda suka gani kafin shi, kamar salsala.

Babban yatsa biyu a kowane hannu.
Reshen hanji kusan mita biyu,
don ganyen da sauran dabbobi ke gudu.
Jariri kamar ƙwayar wake, makaho, ba gashi,
yana rarrafe shi kaɗai zuwa nono.
Aljihun kuwa, bakinsa ta ƙasa yake,
tsoka ke tsuke shi kamar zariyar wando.

Ban yarda ba sai da littafi na biyu ya shaida.

A waje, gindin itacen turare,
na murje ganye ɗaya, na shinshina.
Ashe abincinta ya daɗe a Zariya,
ita ce dai ba ta zo ba.

Litinin na goge allo da kaina.
"Uwani, ƙasa yake kallo. Ni na yi kuskure."
Aji ya yi tsit.
Ta ciji bayan biro, ta ce:
"Malam, wa ya faɗa?"

Na zaro takarda daga aljihuna,
nawa mai kallon sama,
na karanta mata suna da lambar shafi.